Jawabi a kan ruwan ramukan haƙar yashi da tsakuwa



Masu martaba hakimai da masu gari, su Ardo, su Rugga da su Garso, ma'aikatan kiwo da na gandun daji, wakilan manoma da suka amsa kiranmu, iyayenmu mata da suka baro tatsa suka zo, muna yi muku barka da zuwa. Allah ya saka da alheri, ya maida kowa gidansa lafiya.

Abin da ya tara mu yau magana ce ta ruwa, amma ba ruwan rijiya ba, ba kuma na famfo ba. Maganar ruwan sama ce da ke sauka a wuraren haƙar yashi da tsakuwa, waɗanda ake ce wa kariyar: ina yake shiga, ina yake fita, wace irin ƙazanta yake ɗauka, kuma wa yake cuta. Mun zaɓi mu yi ta yanzu tun hadari bai fara haɗuwa ba, domin in ruwa ya sauka katafila ba ta iya shiga caɓi ta gyara komi.

Da farko muna so a fahimce mu. Ƙungiyarmu ba ta gaba da haƙar yashi. Asibitin da muke kai matanmu da yashi aka gina shi, hanyar da muke bi mu kai bisashe kasuwa da tsakuwa aka shimfiɗa ta, kuma ƴaƴanmu da yawa shebur suke riƙewa a wuraren nan da rani su samu na hatsi. Har ma akwai ramukan da masu aikin hanya suka bari shekaru da dama, yau sun zama tabkuna, garkunanmu na sha cikinsu wata biyu ko uku bayan ɗaukewar ruwa. Wanda ya taɓa jan guga na garke guda da tsakar bazara ya san darajar wannan. Saboda haka ba cewa muke a rufe kariyar ba. Cewa muke a tsara ruwanta.

Bari mu ba ku labarin da ya sa muka tashi. Damina biyu da suka wuce, wani ɗan'uwanmu ya biyo burtalin da kakanninsa suka saba bi, yana komowa daga arewa. A rani wani kamfani, ba za mu faɗi sunansa ba, ya haƙa rami a gefen burtalin, ya kwashe tsakuwa ya tafi. Ramin ya cika fal, bakinsa ya yi daidai da ƙasa, ba shinge, ba alama. Shanu sun ji ƙanshin ruwa suka kwasa da gudu. Na gaba suka faɗa, domin bangon ramin a tsaye yake kamar na rijiya, na baya suka tunkuɗo su. An yini ana ja da igiya. Wasu an fid da su, wasu sai wuƙa aka sa musu cikin ruwan. Yaron da ke kiwon, da bai kai shekara goma sha biyar ba, Allah ne ya yi da sauran kwanansa. Da muka je neman wanda za a yi wa magana, aka ce aiki ya ƙare, kamfani ya kwashe kayansa. Har yau ba a biya ko ɗan maraƙi ba.

To, mun zauna da masu ilimin abin, mun kuma zagaya wurare da ƙafarmu, ga abin da muka gane.

Mutane ba su san yawan ruwan da ke sauka ba. In aka ce a rediyo an yi ruwa milimetir 1, ma'anarsa kowane fili mai faɗin hekta guda ya samu litir 10,000. In aka yi milimetir 50 cikin dare ɗaya, abin da kowa a nan ya sha gani a watan Agusta, hekta guda ta samu litir 500,000, watau tano 2,500 na litir 200. A daji mai ciyawa da itatuwa, ƙasa tana shanye mafi yawansa sannu a hankali. Amma a kariyar an sare itace, an kankare ƙasar sama, manyan motoci sun daddanne sauran ta yi tauri kamar daɓe. Ruwan ba ya nitsewa, sai ya gudu. In filin hekta 10 ne, ku lissafa da kanku. Wannan ruwa dole ya nemi hanya, kuma in ba a yi masa ba zai yi wa kansa, ta cikin gonar wani ko ta tsakiyar burtali. Kwazazzabon da kuke gani yana cin hanya kowace shekara, sau da yawa daga sawun tayar kamiyo ya fara.

Ruwan wurin nan iri biyu ne, kuma dukan gyaran yana ga raba su. Akwai ruwan da ya gangaro daga tudu, bai taɓa wurin aiki ba, wannan mai kyau ne. Akwai wanda ya sauka cikin wurin aikin, ya wanke tulin yashi, ya bi ta inda ake aje motoci, wannan ya ɗauki laka da mai. Abin da mai kariyar ya kamata ya fara yi, tun kafin ya ɗebi shebur guda na sayarwa, shi ne ya haƙa lambatu a gefen tudu, ya tara ƙasar da ya fid da ta zama ƴar ganuwa, domin ruwa mai kyau ya kewaye wurin ya koma ƙoramarsa ta asali. A inda lambatun ya yi gangare da yawa a jera duwatsu su rage masa gudu, kamar yadda muke yi a aikin farfaɗo da ƙasa. Wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasar nan. Mutanen da suka yi jeren duwatsu da ramukan rabin wata a Keita da sauran wurare sun san shi sarai. Aikin yini biyu ne ga katafilar da ke tsaye a wurin ko da ma.

Shi kuwa ruwa mai laka ba a sakinsa haka nan. Ana tara shi a ramin da aka yi don haka, ya tsaya ya kwanta. Kowa ya gwada a gida: ɗebi jan ruwan nan a kwalba, ka girgiza, ka aje. Yashi zai zauna a gindi nan take. Laka mai laushi za ta ɗauki sa'o'i. Yumɓu kuwa sai ya kwana, wani lokaci kwanaki, kafin ruwan ya washe. Shi ya sa rami ɗaya ƙarami ba ya isa. Gara a yi biyu ko uku a jere, ruwa ya shiga na farko ya zubar da nauyinsa, ya malala ta sama zuwa na biyu, kuma mashigar ta yi nisa da mafitar don kada ya ratsa ya wuce da gudunsa. Mafitar a sama take, a shimfiɗe da duwatsu, ba a ƙasa ba inda lakar ta taru. Kuma a riƙa yashe su kowane rani. Mun ga wuri guda da aka yi irin wannan rami don a nuna wa baƙi, shekara uku ba a yashe shi ba, ya cike har ciyawa ta fito a kai. Ruwa yana bi ta kansa ya wuce kamar babu shi.

Wani zai ce, laka kawai, mene ne abin damuwa? Shanunmu ai sun saba shan jan ruwa. Gaskiya ne. Amma ba cikin saniya muke ji ba, tabkin muke ji. Lakar da ta fita daga kariyar a tabkin da ke ƙasa take zuwa ta kwanta. Bana ta ƙara taki ɗaya, baɗi ta ƙara wani. Tabki ya rage zurfi ya ƙara faɗi, rana da iskar hunturu su shanye shi da wuri, domin ruwa mai faɗi marar zurfi shi ya fi saurin ƙafewa. Tabkin da dattawanmu suka sani yana kai wa watan Fabrairu sai ya ƙafe tun Nuwamba. Daga nan garkuna su taru a rijiyar gari tun manoma ba su gama kwashe amfanin gona ba. Kun san abin da ke biyo baya. Bakin tabkin kuma ya zama taɓo mai zurfi, tsohuwar saniya ko mai ciki ta shiga ta kafe.

Maganar mai gajeruwa ce. Gazuwal da baƙin mai da ake juyewa daga injin ba su da wurin zama a ƙasa tsirara. A yi musu daɓen siminti mai ɗan baki kewaye, a tudu, nesa da hanyar ruwa, a tara tsohon mai cikin tano a fitar da shi. Kada a wanke kamiyo cikin ramin da dabbobi ke sha. In kuka ga ruwa yana ƙyalli launi-launi a sama, ku kore garke, ku sanar da mu.

Yanzu ga wadda ta fi damunmu, ita ce ɗibar yashi a cikin gulbi. Gulbin Maradi daga Najeriya yake shigowa, ya bi ta wajen Madarunfa, ya wuce Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya koma Najeriya ya haɗu da Rima. Tun da aka gina madatsar Jibiya ruwansa ba kamar da ba. Gulbin Kaba kuwa kun san yadda yake. Mutumin birni in ya dubi gulbi da rani, yashi kawai yake gani, yana cewa ga dukiya a banza. Mu mun san yashin nan randa ce. Ruwan damina yana ɓoye cikinsa, rana ba ta kai gare shi. Makiyayi ya tona kamu biyu ko uku ya samu abin shayar da awakinsa, mai lambu ya kafa ƴar rijiyarsa a gefe. In aka kwashe yashin har aka kai ga yumɓu, an fasa randar. Kuma abin ba nan ya tsaya ba. Ramin da aka bari a tsakiyar gulbi, in ruwa ya zo sai ya faɗa ciki da ƙarfi, ya riƙa cin bakin ramin yana komawa baya, yana hawa sama. Gindin gulbi ya yi ƙasa, gaɓa ta zube, itatuwan bakin ruwa su faɗi, rijiyoyin fadama su ja baya. Mashayar da saniya ke gangarawa a hankali ta koma gaɓa mai tsawon mutum. Ƙafar gada ma ba ta tsira ba.

Ba mu ce kada a taɓa yashin gulbi sam ba, domin kowace damina ruwa yana kawo wani. Abin da muke cewa, a ɗiba sama-sama a tudun yashin da ruwa ya tara, kada a kai ga jiƙaƙƙen yashi, kada a matsa kusa da gaɓa, ko gada, ko mashaya, kuma a riƙa sauya wuri. Haka nan a ramukan tudu: in mai haƙa ya kai ga ruwan ƙasa, ya tsaya. In ya sa injin yana zuƙewa don ya ci gaba da haƙa, rijiyoyin maƙwabta yake zuƙewa. In kuma ya bar shi a buɗe, duk ƙazantar da ta faɗa ciki ta sami ƙofa zuwa ruwan da gari ke sha.

Hanyar motoci ma tana cikin lissafi. Inda ta ratsa ƙorama a sa kwalbati mai faɗin da zai ɗauki ruwan babbar damina, ba ƙaramin bututu ba da reshe guda zai toshe. Bayan abin da muka gani a 2020, da kuma 2024 lokacin da ambaliya ta kashe mutane fiye da 300 a ƙasar nan, jahar Maradi na cikin waɗanda abin ya fi shafa, ba wanda zai ce mana irin wannan ruwa ba ya zuwa.

Sai ranar da aiki ya ƙare, wadda ita ce ranar da aka fi cutarmu. Muna roƙon abubuwa da ba su fi ƙarfin kowa ba. A kwantar da bangon rami, in zurfin metir 1 ne gangaren ya yi metir 3 ko fiye, yadda yaro ko akuya in ta faɗa za ta iya fita. A yi mashiga mai faɗi a gefen da ke fuskantar burtali, a zuba mata tsakuwa a daddanne don kada ƙafa ta nitse. Gefen da ba a iya kwantarwa a tare shi da ganuwa da ƙaya. Ƙasar sama da aka kankare tun farko, in an aje ta gefe ba a sayar ba, a maido ta a baza, domin cikinta irin ciyawa yake. A dasa gamba da jema a bakin ruwa su riƙe ƙasa, a sa bagaruwa da aduwa daga baya. A kuma yi wa ramin mafita ta duwatsu, don in ya cika ya san inda zai zubar. In aka yi haka, mai kariyar ya ci ribarsa, mu kuma ya bar mana tabki maimakon kabari.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, ruwa mai tsayawa yana da nasa sharri. Sauro na haihuwa cikinsa. Ƙananan katantanwa da ke zama a bakin irin wannan ruwa su ke ɗauke da tsutsar da ke lalata hantar shanu da tumaki, su ke kuma kawo tsargiya ga yaran da ke wanka. Don haka ramin da ke dab da gidaje mu kanmu mun fi so a cike shi. Wanda ke daji kusa da hanyar dabbobi shi ne za a gyara a bari, a kuma riƙa ba dabbobi maganin tsutsa bisa shawarar ma'aikatan kiwo.

Wasu daga cikinmu suna cewa, mu da ba mu yi karatu mai zurfi ba, ina mu ina ja da mai katafila da takarda a hannu? To, mu ma da takarda a hannunmu. Dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta amince da haƙƙin makiyaya a kan makiyaya da mashaya, ita ce kuma ta kawo kwamitocin kula da filaye, waɗanda muke kira Kofo, daga na gari har na komin da na departama, kuma makiyaya suna da kujera a ciki. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na asali da hukuma ta yarda da shi, burtali kuma dukiyar jama'a ce, ba mai mallakarsa shi kaɗai. Dokar ruwa ta 2010 ta sa gulabe da tabkuna cikin dukiyar ƙasa. Dokar 2018 ta ce manyan ayyuka sai an binciki illarsu ga muhalli an kuma saurari mutanen wurin. Dokar ma'adinai ta 2022, wadda ta canji ta 1993, ba ta yarda a buɗe kariyar ba izini ba, kuma gyaran wuri bayan aiki yana wuyan wanda ya haƙa. Dokokin suna nan. Abin da ya rage, ranar da ake zaman sauraron jama'a mu muna daji bayan shanu, wani lokaci ma da gangan ake sa zaman lokacin da muka yi arewa. Wannan kam laifin rabi nasu ne rabi namu, domin kujerunmu na Kofo sau da yawa wofi suke, ko kuma wanda ke kai bai taɓa buɗe baki ba.

Ga ƴan'uwanmu manoma muna da kalma guda. In rami ya cinye rabin burtali, ko kwazazzabo ya yanke shi, garke ba ya tashi sama. Gefe zai ratsa, gefen kuwa gonarku ce. Sai a wayi gari manomi da makiyayi suna gaban hakimi, ko abin ya fi haka muni, shi kuwa wanda ya haƙa ramin yana birni bai ma ji labari ba. Manyan cikinmu ba su manta Toda ba, a watan Oktoba na 1991, inda aka kashe mutane fiye da 100, mafi yawansu mata da yara, kuma daga maganar ɓarnar gona abin ya tashi. Lakar da ke cike tabkinmu ita ce ke binne shukarku a fadama. A wannan magana bakinmu ɗaya ya kamata ya zama.

Ga abin da kwamitinmu ya tsaida. Kowane Rugga da kowane Garso ya zagaya yankinsa kafin ruwan farko, ya ƙidaya ramukan da ke kusa da burtali da mashaya, wanda ake aiki da wanda aka bari. A duba ko bangonsa a tsaye yake, ina ruwansa ke fita, ko akwai mai a ƙasa. Yaranmu masu salula su ɗauki hoto, wanda ya iya rubutu, da boko ko da ajami, ya rubuta. Kada kowa ya tare mota, kada a taɓa direba ko lebura, su ma abincinsu suke nema. A kawo mana, mu za mu haɗa mu kai wa Kofo da hukumar komin da ma'aikatan muhalli a rubuce, mu karɓi shaidar sun karɓa. Za mu kuma nemi a riƙa sa wakilinmu da na manoma cikin masu zuwa duba wuri kafin a ba da izini, da kuma ranar da kamfani zai tashi, tun katafilarsa ba ta hau mota ba.

Ramukan da suka fi haɗari, waɗanda ba a san mai su ba, ba za mu jira takarda ba. Ranar kasuwa mai zuwa bayan sallar azahar za mu haɗu a bakin wanda ya ci shanun ɗan'uwanmu, kowa ya zo da gatari da shebur, mu kewaye shi da ƙaya, mu sassabe gefe ɗaya ya zama mashiga. Mai gari ya yi alkawarin amalanke biyu na ɗaukar duwatsu. Masu tambaya su ɗaga hannu, mai fassara zai maida da Fulatanci da Tamajaƙ ga wanda bai ji ba.